Turkena Yana Yamma da Kwalta

Sallama gare ku masu karatu, har da masu karantawa a ɓoye a wurin aiki. Na ga tambayoyinku. Yawancinku kuna son sanin ko Lawali kyakkyawa ne. Babu wadda ta tambayi abin da nake ci a lokacin. Ba komai, na saba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Barira, 'yar Malam Maharazu manomi a Riko. Mijina Manu ya tafi yaƙin basasa, aka dawo mini da bargonsa da kwanon cin abincinsa. Masu ta'aziyya suka cika gidanmu suna cewa in yi haƙuri, sai ka ce akwai wani abin da aka ajiye mini na ƙi ɗauka. Na gama takaba, na zauna a ɗakin Innata ina tsince tsakuwa daga gero, har na lura mutane suna rage murya idan na shigo, kamar ni ce gawar. Ran nan bayan kaka na ɗaure tukwane biyu, na ce zan tafi Magama wurin Goggo Rabi'a, ƙanwar Baba, in sayar da tuwo a bakin iyaka.

Baba bai hana ba, bai kuma yi murna ba. Yana gyaran ƙotar fartanya ya ce, "Daga yanzu zuwa ruwan shuka. In rumfa ta riƙe ki, to. In ba ta riƙe ki ba, ki dawo ɗakin uwarki, kuma ba mu sake wagga magana."

Shekarar ce ake ta cewa kuɗin mai sun shigo ƙasa. Ni dai ban gan su ba, amma na ga motocinsu. Kullum manyan motoci na tsallakowa daga wajen Maraɗi ɗauke da wake da kanwa da fatu da awaki. Masu fita Nijar ba su da amfani ga mai tuwo, sun ci sun ƙoshi tun a tashar Jibiya, ana ɗaga musu sanda su wuce. Masu shigowa su ne kasuwa. Sukan yi layi suna jiran kwastan tun hantsi har yamma, da yunwarsu da ƙishirwarsu.

To a lokacin hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, Nijar kuwa dama. Direba na tsallako sandar iyaka sai ya karkata hagu, ya tsaya gabas da kwalta. Nan bishiyoyin bedi suke, nan rumfunan tuwo suke jere, nan kuma Inna Salmatu take, shugabar masu tuwo, mace mai jiki da awarwaron azurfa har gwiwar hannu, wadda ke iya tuƙa tuwo tana zagin mutum uku a lokaci guda ba tare da ya yi gudaji ba.

Wurinta Goggo ta fara kai ni. Na sa zanena mai ruwan ƙasa, na ja kallabi har gira, na durƙusa.

"Ɗiyar wa?"

"Ta Yaya Maharazu ce, ta Riko. Mijinta ya rasu a yaƙi."

"Allah shi jiƙai. Gabas ta cika."

Ko inda nake ba ta kalla ba. Duk a numfashi ɗaya ta yi ta'aziyyar da korar.

Mai raba wuri shi ne Malam Bawa dubagari, ma'aikacin En'e. Gajeren wandon kaki, safa har gwiwa, da dogon ludayi da yake tsomawa a randar kowa yana neman tsutsa. Ban taɓa ganin haƙoransa ba. Amma ban taɓa ganin ya ci tuwon kowa kyauta ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a bakin iyaka. Ya tsallaka da ni yamma da kwalta, inda babu komai sai aduwa ɗaya da suri, ya sa aka kafa turke mai lamba, ya tsaya ya karanto mini dokoki kamar mai karanta huɗuba.

Abinci a rufe da faifai, a kan faifan farin ƙyalle. Randa a wanke ta kullum. Buta da sabulu don wanke hannu. Ramin zuba ruwan wanke-wanke a bayan rumfa, ba a gaba ba. Ba a tsallaka kwalta da abinci a hannu ko a kai, tun da mota ta taɓa buge wata mai talla. Rumfar da ta yi daga kasuwar Lahadi zuwa ta Lahadi ba a ga hayaƙinta ba, turkenta ya koma hannun En'e.

"Na ƙarshe," in ji shi, "turke ba a sayar da shi, ba a matsar da shi. Musaya kuwa sai masu turken biyu sun zo gabana da bakinsu."

Goggo ta raɗa mini cewa wannan ta ƙarshen da ta hana tsallakawa, Inna Salmatu ce ta matsa aka tsaurara su, don kada sababbi irina su kutso gabas. Ku riƙe wannan, za ku buƙace ta.

Za ku ce direba ai yana da ƙafa, me zai hana shi tsallakowa? Ba ku san direba ba. Inda ƙafarsa ta sauka nan yake ci, idonsa na kan kayansa, kunnensa na kan layi kada a wuce shi. Haka na riƙa hura wuta kullum don dai a ga hayaƙi. In tuƙa tuwon dawa, in kaɗa miyar kuka da daddawar Riko, in rufe da faifai da farin ƙyalle, in zauna ina kallon bayan mutane suna cin na wasu. Masu sayena su ne masu jakai da suka ɓata hanya, da wani mahaukaci mai ladabi da ke biyana da godiya. Da yamma in kai saura gida. Goggo ta ci tuwona har ta fara kallona kamar ni na kashe mata miji.

Ana cikin haka wata rana da hantsi, wata babbar mota ƙirar Barliye, kore, ta tsallako sanda. Maimakon ta karkata hagu kamar kowa, sai ta miƙo a hannunta na dama, ta zo ta tsaya daidai turkena, ta yi ajiyar zuciya irin ta manyan motoci. Ɗan sanda ya taho a guje yana busa usur.

"Kai ɗan Faranshi, nan Najeriya ce. Hagu."

Direban ya sauko. Dogo, siriri, da rawani shuɗi da ya kwance rabi, da riga mai tabon baƙin mai a aljihu. "Yi haƙuri shef, hannuna ne ya saba."

"To hannunka ya ja maka. Ka koma ƙarshen layi."

"In sha Allah. Bari in wanke hannun da ya yi laihin." Ya juyo wajena. "Mi kinka dahwa?"

"Tuwon dawa. Miyar kuka."

"Da sauran shi?"

Na dubi tukunyar da ko ludayi bai taɓa ba. "Za a samu," na ce.

Ya ci malmala biyu. Da ya gama ya ce, "Wagga daddawa ba ta kasuwa ba ce."

"Ta Innata ce."

"A gaishe ta. Sunana Lawali."

"Ban tambaya ba."

"Shi ya sa na hwaɗa."

Ya ja motarsa ya koma ƙarshen layi. Ranar sai bayan la'asar aka sallame shi.

Mako na zagayowa ya sake mantuwa. Na bayansa ma haka. Ɗan sandan har ya daina gudu, sai ya busa usur daga inda yake zaune ya nuna ƙarshen layi da sandarsa. Ni kuwa na ce a raina, wannan bawan Allah ko dai ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe abu, ko kuwa yana da lokacin ɓatawa. Na san me kuke cewa. Ku tuna ni bazawara ce da aka yi shekara biyu ana yi wa magana da muryar gidan makoki. Mutum yakan manta yadda ake gane irin wannan.

Ku da ke da waya, kuna rubuta saƙo ku kulle, ku goge, ku ce ba ku gani ba. Saƙon zamaninmu ba shi da murfi. Makon da motarsa ta lalace, wani direba ne ya leƙo ta taga daga can gabas, ya ɗaga murya yadda har kwastan suka ji.

"Mai tuwon yamma, Lawali ya ce a hwaɗa miki motarsa ta mace a Ɗan Isa, kada ki ga kamar ya gane hannunsa ne."

Duk rumfunan gabas suka kwashe da dariya. Na sunkuya ina gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Inna Salmatu ba ta yi dariya ba, ta dai daɗe tana kallona, awarwaronta sun yi shiru.

Da ya dawo ya kawo mini kallabi daga Maraɗi, shuɗi mai zanen ganye, a naɗe cikin takardar siminti. Na ce ba na karɓar kaya daga masu saye. Ya ce to a rufe tuwo da shi. Na ce doka ta ce farin ƙyalle. Ya ce, "To ki ajiye shi har a canza doka, ƙasarku ba ta gajiya da canji." Na kai shi gida na tura ƙasan adudu, ƙarƙashin bargon Manu. Daga baya na ga wurin bai dace ba, na mai da shi sama.

Maganarsa ta canji kuwa ba wasa ba ce. Tun sanyi rediyo ke ta shelar cewa farkon Afrilu, ranar Lahadi, Najeriya za ta koma tuƙin hannun dama. Yara har waƙa suke yi da shi. Matan gabas ma suna rerawa suna tuƙa tuwo, babu wadda ta ga abin ya shafe ta, tun da babu mai mota a cikinmu. Na ji Inna Salmatu da kunnena tana cewa su bi duk hannun da suka ga dama, direba ya san inda inuwa take.

Ni ma ban gane ba sai wata Talata. Lawali ya tsaya kamar kullum, ina zuba masa ruwa a hannu, sai na dubi tayar motarsa da ke dab da turkena, na dubi sandar iyaka, na sake duban tayar. Ruwan ya ƙare a buta ban sani ba.

"Lahiya?"

"In an canza hannu, duk mai shigowa nan zai tsaya?"

"Ina zai tsaya in ba nan ba? Ke kaɗai ce a Magama anka yi wa gwaji tun kahin ranar."

"Ka san da haka ba ka faɗa ba?"

"Ba ki tambaya ba."

Ban yi barcin rana ba ranar. Ban kuma gaya wa kowa ba, ko Goggo, don bakin Goggo ba shi da ƙyaure.

Amma kwalta ba ta ɓoye sirri. Ana saura kwanaki kaɗan ma'aikatan hanya suka zo da fenti suna zana kibiyoyi, kwastan suka ciccibi teburinsu suka dawo da shi yamma. Da azahar sai ga Inna Salmatu ta tsallako, karo na farko tun da aka kafa turkena. Ta sa atamfa mai tsada, ta riƙo goro fari a hannu.

"Ɗiyata, rana na cin ki a nan. Dubi yadda kinka yi baƙi."

"Haka aka haife ni, Inna."

"Tausayinki nake ji. Marainiyar Allah, ga zafi ga kaɗaici. Na ce bari in bar miki wurina a inuwa, ni in dawo nan, tsohuwa ba ta buƙatar hayaniya. Mu je wurin Malam Bawa yanzu mu hwaɗa masa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, inuwar bedin nan na daɗe ina mafarkinta. Amma na karɓi goron da hannu biyu na ce, "Na gode Inna. Na saba da aduwata."

"Ki yi tunani."

"Tun kaka nake zaune a nan ba abin da nake yi sai shi."

Ta miƙe. Awarwaron suka yi ƙara har ta kai gabas.

Ba ta sake zuwa wurina ba. Sai ta aika Riko wurin Baba. Ban san me ɗan aiken ya faɗa ba, amma ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ɗaga kai na ga Baba tsaye gaban rumfata, da farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, da jakinsa, da igiya a hannu. Igiyar ɗaure tukwane.

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Ya sha, ya dubi tukunyar da ke cike, ya dubi gabas inda ake ta cin abinci, ya dubi suri.

"Wannan ce rumfar?"

"Ita ce, Baba."

"An ce mini kina da mai saye ɗaya. An ce ɗan Faranshi ne. An ce ana kiran sunanki ta tagar mota kamar mai tallar gyaɗa."

"Ba sunana ya kira ba. Mai tuwon yamma ya ce."

"Au, har kin san abin da za ki gyara a maganar." Ya ajiye igiyar tsakaninmu. "Ɗaure kayanki. Ki zo gida ki huta mako guda ko biyu, maganar ta lahwa."

Nan na ga dabarar gaba ɗayanta. Mako guda ba hayaƙi, turke ya koma hannun En'e, kuma kowa ya san wadda za ta riga kowa zuwa gaban Malam Bawa. Baba bai san wannan ba. Shi dai an taɓa masa suna, ya zo ya ɗauke abinsa.

Ban taɓa musu da Baba ba. Ranar ma ban yi ba, tuni kawai na yi masa.

"Baba, ka ce zuwa ruwan shuka."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Fara fat, ko gajimaren rantsuwa babu.

"Ban ce ka ƙara mini ba," na ce. "Ban ma nemi duka ba. Jibi Lahadi, dama za ka ci kasuwar Jibiya. Ka kwana wurin Goggo. In rana ta faɗi jibi tukunyar nan tana yadda ka gan ta, ni da kaina zan ɗora ta a jaki."

"Mi zai hwaru jibi da bai hwaru ba tun kaka?"

"Gwamnati za ta yi mini aiki, Baba. Sau ɗaya dai."

Bai yi dariya ba, amma ya naɗe igiyar ya sa a aljihu.

Ranar Asabar na surfa dawa har tafin hannuna ya yi kanta. Na ari babbar tukunyar Goggo ta suna, na wanke randa har sau biyu, na sake haƙa ramin bayan rumfa, na wanke farin ƙyalle na sa masa bula. Goggo na kallona tana cewa, "Wa zai ci wannan duka? Ni dai na rantse ba ni ba."

Lahadi da sassafe na yi wanka, na sa kwalli, na ɗaura zanena mai ruwan goro. Na buɗe adudu na daɗe a tsaye. Sannan na ɗauko kallabin shuɗi na ɗaura. Goggo ta buɗe baki, na ce, "Wancan ya yi datti." Ta rufe.

Baba ya riga ni isa rumfa. Ya zauna gindin aduwa da carbinsa, jakin na ɗaure kusa da shi, a shirye.

Hantsi ya yi, ba mota. Aka ce duwan, wato kwastan na can gefen Nijar, sun riƙe su sai an tabbatar an gama shiri. Tuwo ya nuna, na kwashe, na rufe. Matan gabas suna leƙowa. Na ji wata ta ce, "Amarya ta yi kwalliya ba ango." Baba ya ji. Carbinsa ya ƙara sauri.

Sai aka ɗaga sanda.

Ta farko ta shigo a hankali kamar mai taka ƙaya. Direban ya fara karkata hagu don sabo, 'yan sanda suka yi masa ca da usur, ya dawo dama, ya gangaro, ya tsaya gaban turkena. Ta biyu ta tsaya bayanta. Ta uku. Kafin in gama kallon ta huɗu, layi ya miƙe har sanda, duk yamma da kwalta, sun yi mini katanga tsakanina da inuwar bedi.

Direban farko ya sauko yana miƙa. Ya dubi gabas, ya dubi motarsa, ya dubi faifaina.

"Akwai tuwo?"

"Za a samu," na ce.

Abin da ya biyo baya ban iya ba ku shi a jere ba. Hannuwa ne kawai da kwanoni. Wannan na cewa ƙara miya, wancan na cewa ina yaji. Buta ta ƙare, na juya in cika, sai na ga an riga ni. Baba ne. Ya naɗe hannun farar rigarsa, yana zuba wa wani ƙaton direba ruwa yana ce masa, "Da sabulu, malam, doka ce." Daga baya na gan shi yana faskare. Mutumin da ko a gidansa bai san inda murhu yake ba.

Can sai hayaniya ta tashi. Inna Salmatu ce da kanta ta ɗauko babban kwano a kai, ta sako ƙafa a kwalta. Malam Bawa na tsaye a tsakiyar hanya da ludayinsa, kamar tun jiya aka dasa shi.

"Salmatu, koma."

"Ranka shi daɗe, tuwona zai lalace."

"Ba a tsallakawa da abinci."

"Yau ɗaya dai."

"Ranar da kika zo ofis kika ce a tsaurara, na tambaye ki har da ke? Kika ce har da uwar da ta haife ki. Gobe a zo a nemi turken yamma, akwai fili. Kowa ya bi layi."

Ta tsaya da kwano a kai, ba gaba ba baya. Na ɗauka zan ji daɗi. Na ɗan ji, kada in yi muku ƙarya. Amma na san yadda tuwo ke yin sanyi a tukunya mutum na kallo, na fi kowa sani a Magama. Kuma kafin azahar nawa ya ƙare ƙarƙaf, ga mutane tsaye da yunwa. Na ɗaga murya na ce, "Ya ƙare. Doka ta hana tuwo tsallakowa, ba ta hana ku tsallakawa ba. Ku je wurin Inna Salmatu, miyar taushenta ta fi tawa. Baba zai duba muku motocin, in layi ya motsa zai kira."

Baba ya dube ni, don ba mu yi haka da shi ba. Amma ya gyara tsayuwa. Suka tsallaka. Inna Salmatu ba ta gode mini ba, ban kuma sa rai ba. Da yamma dai an aiko mini da goro, wannan karon ja.

La'asar ta kusa, Barliye kore ba ta zo ba. Ina wanke kwanoni ina cewa a raina ba ruwana. Kwano ɗaya na wanke sau uku.

Sai ga ta. Ta tsallako sanda, ga fili a layi dab da turkena, ga kibiya sabuwa fara tana nuna mata hanya. Sai ta karkata hagu. Ta je ta tsaya gabas, ita kaɗai, ƙarƙashin bedi. Ɗan sandan nan ya cire usur daga baki ya riƙe ƙugu.

"Kai Lawali, yau kuma mene ne? Yau hannunku ake bi."

"Na sani shef. Ƙarshen layi ko? Ina zuwa."

Ya tsallako da ƙafa. Rawaninsa a naɗe tsaf yau, riga wankakkiya. Ya dubi kallabina, ni kuwa ban ba shi fuska ba.

"Ka sake mantuwa," na ce ƙasa-ƙasa.

"Ban taɓa mantuwa ba, Barira. Shekara nawa ina tsallaka wagga iyaka. Yau kowa ƙoharki ya tsaya, in na bi su ta yaya za ki bambanta ni da mai jin yunwa?"

Sannan ya ga dattijo gindin aduwa. Ba a gaya masa ko wane ne ba, hancinmu ɗaya da Baba. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da hutawa, Baba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Kai ne wanda ba ya gane hannunsa?"

"Ni ne, Baba."

"Ka makara. Tuwo ya ƙare tun azahar, ni shaida ne."

Nan ne, masu karatu, na yi abin da ya tona ni. Hannuna ne ya yi, ban aike shi ba. Na ɗaga kwandon da ke kife bayan randa, na ciro kwano rufe da faifai, da farin ƙyallensa a kai yadda doka ta ce. Malmala biyu, da miya a ƙaramin kwano, da ɗuminta.

Baba ya dubi kwanon. Ya dube ni. Ya dubi kallabin, wanda ya san ba daga Riko ya fito ba.

"Ashe bai ƙare ba," ya ce.

Na rasa inda zan sa idona, na sa shi a kan suri.

Baba ya sa hannu a aljihu ya ciro igiyar nan. Na ce a raina shi ke nan. Sai ya miƙa mini ita. "Rumfarki ta karkace ta gefen kudu. Ki ɗaure ta kahin iskar damina." Ya juya wurin Lawali. "Wanke hannunka, da sabulu. Tare za mu ci."

Suka zauna kwano ɗaya. Ni na koma bayan randa inda ake jin komai ba a ganin mutum. Na zaci zai tambaye shi asali, ko sana'ar ubansa, ko yana da mata. Baba ya bari sai da Lawali ya yanko loma ya tsoma a miya.

"Uwarka na Maraɗi?"

"Tana can, Baba. Ni kaɗai gare ta."

"Madalla. To ka ga turken can mai lamba? An ce mini in ya yi mako ba hayaƙi, ya tahi. Ɗiyata ta sha rana tun kaka a kansa, yau na ga abin da ta gani. Ba a barin shi." Ya gyara zama. "In na ba ka ita, wane gehen sanda za ta kwana?"

Lomar ta tsaya a hannun Lawali, miya na ɗiga a tabarma. Can gabas ɗan sanda ya fara busa masa usur ya zo ya janye motarsa, bai ko waiwaya ba.